Bayan An Sallamo Mai Dashen Ƙoda, Aikin Ya Koma Hannun Mutanen Gida

Idan ɗan uwa ya kamu da ciwon ƙoda a Legas, Hausawa ba sa wasa. A yi shela a masallaci, 'yan kasuwa su yi karo-karo, ƙungiyar 'yan garinsu ta zagaya da takarda, har a haɗa miliyoyin da za a yi dashe. Hali ne na kirki, kuma ya ceci rayuka. Sai dai ƙarfinmu yakan ƙare a ƙofar ɗakin tiyata. Ranar da aka sallamo mutum, bayan mako guda ko kwana goma, sai a yi hamdala, a ce ya warke, kowa ya kama gabansa. Alhali tsugune ba ta ƙare ba. A ranar ce ɗawainiya mafi tsawo take farawa, kuma a gida ake yin ta, a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, cikin zafi da cunkoso da ruwan garuwa, a hannun mutanen da galibi ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Tushen maganar ita ce garkuwar jiki. Allah ya halicce ta ta san abin da yake na jiki da abin da ba nasa ba, kuma duk abin da ba nasa ba ta yaƙe shi. Tamkar mai gadi ce da ba ya sabawa da baƙo: ko baƙon ya shekara goma a gidan, ranar da mai gadin ya samu sarari zai far masa. Sabuwar ƙoda, ko daga ƙanin mutum uwa ɗaya uba ɗaya ta fito, baƙuwa ce. Shi ya sa dashen farko da ya ɗore, wanda likita Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, don jikin ɗaya bai ɗauki ƙodar ɗayan a matsayin baƙuwa ba. Dashe bai zama ruwan dare ba sai da saikulosiforin, maganin da ke danne garkuwar jiki, ya shigo a shekarun 1980. A nan Najeriya, a Legas aka fara, a asibitin St. Nicholas a shekarar 2000, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Yau likitocinmu sun iya aikin, ba dole sai an tafi Indiya ba. Amma ko a ina aka yi tiyatar, abin da ke riƙe ƙodar bayan nan ɗaya ne: maganin danne garkuwar jiki, kullum, har iya rayuwar ƙodar.

Galibi magunguna uku ne ake haɗawa: takrolimus, maikofenolet da firedinisolon. Takrolimus ne mai wuyar sha'ani. Wanda aka fi bayarwa sau biyu ake shan sa a rana, tazarar awa 12 cif, kuma hanyar da ke tsakanin ya yi kaɗan da ya yi yawa siririya ce. In ya yi kaɗan a jini, garkuwa ta taso wa ƙodar. In ya yi yawa, shi da kansa yana lahanta ƙodar da aka ba shi tsaro, ga rawar hannu, ga hawan jini, ga hauhawar suga. Don haka ba a ƙiyasta shi da ido, awo ake yi a jini, kuma awon yana da ƙa'ida: da safe, kafin a sha na safiyar.

Wannan ƙa'ida a takarda ba komai ba ce. A Legas kuwa abu ne babba. Ɗauki mutumin da ke shan magani ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, yana zaune a Agege, asibitinsa kuma yana Idi-Araba ko cikin Ikko. Ranar gwaji dole ya fito da asuba, ƙwayoyinsa a aljihu, gorar ruwa a hannu, takunkumi a fuska, ɗinki bai gama kamewa ba. In cunkoson Oshodi ya riƙe shi har goma, an yi asara biyu: maganin ya makara da awa biyu, sakamakon gwajin kuma zai nuna ƙasa da gaskiya, likita na iya ƙara masa adadin da ba ya bukata. In kuma ya gaji ya haɗiye ƙwayar a cikin motar haya ta danfo kafin a ɗebi jinin, sakamakon zai yi sama, kuɗin gwajin ya tafi a banza. A watan farko irin wannan zuwa kan kai sau biyu ko uku a mako, daga baya a riƙa ragewa. Ni a ganina, mai mota a cikin dangi ko abokan kasuwa da zai ce "Yaya, ranakun asibitinka na wata biyu a wuyana suke" ya fi wanda ya kawo katan ɗin madara amfani nesa ba kusa ba.

Me ya sa gwajin ya yi yawa haka, mutum kuwa yana jin garau? Domin jiki kan fara ƙin ƙoda shiru. Wani lokaci akwai alama, kamar raguwar fitsari, kumburin ƙafa, zazzaɓi, ciwo a gefen mara inda aka dasa ta, ko nauyi ya ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma sau da yawa babu ko ɗaya. Sai dai a ga sinadarin kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa, yana hawa a jini, likita ya sa a ɗebo ɗan tsokar ƙodar da allura a duba. In an gano da wuri, galibi ana shawo kansa da magani. In an bari sai jiki ya faɗa, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Hatsarin ya fi yawa a watanni uku zuwa shida na farko, amma ba ya gushewa gaba ɗaya. Saboda haka "jiki alhamdulillahi" amsar gaisuwa ce mai kyau, ba ta maye gurbin takardar gwaji.

To, danne garkuwa yana da farashi, kuma a nan ne al'adarmu take cin karo da magani. Mutumin da aka danne wa garkuwa, murar da za ta kwana biyu a jikin wani tana iya kwantar da shi a asibiti. A watannin farko, lokacin da maganin ya fi yawa, ya fi kowa rauni. A daidai lokacin ne kuma muke tururuwar zuwa dubiya. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, fanka ba wuta, mutum goma sha a zaune, kowa sai ya miƙa hannu an yi musabaha, wani yana tari, wata ta goyo yaro mai ƙarambau da bai gama bushewa ba. Kowa da zuciya ɗaya ya zo, ladan dubiya yake nema. Mai jinya kuma ba zai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa ko limamin unguwa "kada ku shigo" ba. Matarsa ma ba za ta iya ba, sai a ce tana raba shi da danginsa.

Wannan nauyi ba na mai jinya ba ne, kuma ba na matarsa ba ne. Na babba ne a cikin dangi, wanda in ya yi magana ba a ja. Shi zai tsaya a ƙofa ya ce, "Alhaji, mun gode, Allah ya ba da lada. Likita ya hana shiga har wata uku, amma ga shi can ta taga, ku gaisa." In liman ya faɗi haka sau ɗaya bayan sallar Magariba, ya sauƙaƙa wa gidan rabin wahalarsu. Addu'a tana isa daga tsakar gida, tana isa ta waya. Wanda ya zama dole ya shiga, ya wanke hannu da sabulu, mai mura ko tari ko gudawa kuma ya haƙura sai ya warke. Ba a ce a kulle mutum shi kaɗai ba, kaɗaici ma cuta ne. Ana so ne a rage yawan numfashin da yake shaƙa a ɗaki rufaffe.

Akwai kuma waɗanda maganar "gida" ma ba ta dace da halinsu ba. Da yawa daga cikin mutanenmu a Legas 'yan ci-rani ne, iyali na arewa, su shida ko takwas a ɗaki guda, banɗaki na gidan haya gaba ɗaya, abinci na bakin titi. Irin wannan mutum, tun kafin a shiga tiyata ya kamata a tambaya: ina zai kwanta, wa zai dafa masa, wa zai tashe shi shan magani? In kuɗin da aka tara bai haɗa da hayar ɗaki mai iska na wata uku da mutum ɗaya mai kula ba, lissafin bai cika ba.

Ruwa shi ne na gaba. Wanda ya shekara yana wankin ƙoda an saba masa da auna ruwa a kofi, yana jin ƙishi yana daurewa. Yanzu sai a ce masa ya sha lita biyu zuwa uku a rana, ko yadda likita ya tsara, domin bushewar jiki tana cutar da sabuwar ƙoda, zufar Legas kuwa ba a magana. Amma wane ruwa? Na garuwa da na rijiyar burtsatsen da ba a san zurfinta ba sai an tafasa. Na leda ma ba duka ne abin yarda ba. Mun ga yadda kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, damina kuma duk shekara tana haɗa ruwan kwata da na sha a unguwannin da ambaliya ke ci. Gudawa ga mai dashe ba ƙaramin abu ba ce, don bayan ta tsotse ruwan jiki tana kuma sa takrolimus ya hau a jini. Gudawa ko amai da suka wuce yini, ko zafin jiki da ya kai maki 38, kiran likita ake yi a ranar, ba a jira gobe. Shi ya sa ma'aunin zafi, na'urar awon hawan jini, sikeli da ɗan littafin rubuta sakamako suke cikin kayan ɗakin mai dashe.

A abinci labarin ya fi daɗi. Yawancin takunkumin zamanin wankin ƙoda yakan sassauta, mutum ya koma cin tuwonsa da miyarsa. Abin kiyayewa shi ne tsafta da dahuwa. Nama ya dahu har ciki, a ci da zafinsa. Tsiren da ya wuni a kan tire ƙuda na bi, da yankakken kabeji da albasar da ke gefensa, a bar su. Nonon da ba a tafasa madararsa ba a bar shi, in ana son fura a dama da wanda aka tabbatar. Zoɓo da kunun aya na ƙulli, ba a san da wane ruwa aka yi ba. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage saboda hawan jini. Firedinisolon yana buɗe ciki sosai, yana kumbura fuska, shi da takrolimus kuma suna iya jawo ciwon suga ga wanda bai taɓa yi ba. Dangi su ga ya yi ƙiba su ce jiki ya dawo, su ƙara tura masa lemon kwalba da shayi mai siga cokali huɗu. Garehul kuwa, ɗan itacen nan mai kama da babban lemo, an hana shi kwata-kwata domin yana ɗaga takrolimus a jini.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kemis da maganin gargajiya, saboda a nan ne ƙauna take yin ɓarna ba da sani ba. Mutum ya ce bayansa na ciwo, yaro ya ruga kemis, a haɗo masa ƙwayoyi a leda, ciki har da diklofenak ko ibufurofen. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga mai ƙoda ɗaya da aka dasa kuwa hatsari ne na gaske. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ɗaga takrolimus, rifamfisin na tarin fuka kuma yana zubar da shi ƙasa warwas, shi ya sa mai dashen da ya kamu da tarin fuka sai likitan ƙoda ya sa hannu a maganinsa. Zazzaɓi ma kada a yanke cewa maleriya ce a sayo magani. A yi gwaji, domin a jikin mai dashe zazzaɓi na iya zama ciwon mafitsara, ko na huhu, ko ƙin ƙodar kanta. Gidan sauro dai kullum. Sannan ga jiƙo da tsimi da maganin basir da Inna ta aiko daga gida, ga agbo na maƙwabta Yarabawa, ga masu tallan garin "ƙara garkuwar jiki" a Facebook. Ko da a ce maganin yana yin abin da aka ce, ƙara garkuwa shi ne ainihin abin da mai dashe yake biyan kuɗi kullum don ya hana. Sauran kuma ba wanda ya san abin da ke ciki, balle yadda zai yi da takrolimus. Mayar da irin wannan kyauta yana da nauyi, musamman daga uwa. A karɓa da godiya, a yi mata bayani da lallashi, kada a sha.

Komawa harkokin yau da kullum mataki-mataki ne, kuma yana farawa da wuri fiye da yadda ake zato. Tafiya a ƙasa tun makon farko, daga ɗaki zuwa ƙofar gida, kullum ana ƙarawa. Kwanciya wuni guda ba hutu ba ne, tana jawo daskarewar jini a ƙafa. Ɗaga kaya mai nauyi, ko bokitin ruwa ne, sai bayan mako shida ko fiye. Sallah a zaune har sai ruku'u da sujada sun daina ja wa ɗinkin. Akwai siririyar roba da akan bari tsakanin ƙodar da mafitsara, wadda ake cirewa bayan 'yan makonni, kada a manta da ranar. Tuƙi galibi bayan wata guda zuwa mako shida. Jam'i da Juma'a, a fara da sahun waje inda iska take, da takunkumi, bayan likita ya yarda. Masu kiwon tattabaru da kaji su bar wa wani sharar akurki, don kashin tsuntsaye na ɗauke da cutar da ke kama masu raunin garkuwa.

Aiki kuwa ya danganta da sana'a. Mai shago ko ɗan canji na iya komawa cikin wata biyu zuwa uku, ya fara da rabin wuni. Amma ba a mayar da sabuwar ƙoda inda tsofaffin suke, a baya ƙarƙashin haƙarƙari. A gaba ake sa ta, a gefen mara, kusa da fata, har mutum na iya taɓa ta. Mai dakon buhun albasa a Mile 12, ɗan acaɓa, mahaucin da ke wuni cikin jini da tumbi a mayankar Oko-Oba, mai tonon gwangwan a bola, waɗannan sai an zauna an yi shawara ta gaskiya, wataƙila a sauya musu wuri a cikin sana'ar: daga dako zuwa awo, daga yanka zuwa karɓar kuɗi. Wannan shawara ce da shugabannin kasuwa za su iya zartarwa cikin yini ɗaya in sun so.

Mu'amalar aure tana dawowa da zarar ɗinki ya warke, haihuwa ma tana dawowa, wani lokaci da sauri. Mace mai dashe ana so ta jira aƙalla shekara, kuma ta gaya wa likita kafin ta nemi ciki, domin maikofenolet yana jawo ɓari da nakasa ga jariri, sai an sauya shi tukuna. Azumi, likitoci sukan hana a shekarar farko. A Legas yinin azumi awa 13 ne ko fiye, ba ruwa, ga tazarar magani da za ta goce. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwamen ba raunin imani ba ne. Bayan shekara, wanda ƙodarsa ta daidaita na iya yi da iznin likita da tsarin da zai ba shi. Mai niyyar Hajji ko Umara ya sani cewa rigakafin shawara da ake nema daga matafiyan Najeriya na cikin alluran da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, waɗanda ba a yi wa mai dashe, sai a nemi takardar uzuri daga likita.

Duk wannan yana tsaye ne a kan kuɗi. Magungunan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu dala yake bi. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin maganin wata ya bi ta. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne mutum ya fara raba ƙwaya biyu, ko ya sha ta safe ya bar ta dare, ko ya jinkirta gwaji, kuma kunya ta hana shi faɗa, don yana ganin jama'a sun riga sun yi masa iya yinsu. Haka ake rasa ƙodar da aka kashe miliyoyi a kanta, wadda in daga mai rai ta fito tana iya kai shekara 15 zuwa 20 tana aiki, a koma wankin ƙoda da ya fi tsada kuma ya fi wahala. Ina ganin ya kamata mu sauya yadda muke karo-karo. Tun ranar farko a rubuta kuɗin magani da gwaji na shekara biyu a cikin abin da ake nema, a ware shi a hannun amintattu biyu, a kuma samu mutum ashirin ko talatin da za su ɗauki alkawarin wani abu kaɗan duk wata. A riƙa ajiye maganin aƙalla mako biyu a gaba, cikin ledarsa ta asali, nesa da zafi da laima, a saya a inda aka amince. In an sauya kamfanin takrolimus saboda araha, a gaya wa likita ya sake awo. Shi ma mai dashen, in aljihu ya gaza, likitansa ne mutum na farko da zai gaya wa, domin akwai sauye-sauyen da za a iya yi cikin tsari.

Da yawa za su ce a mayar da shi gida arewa ya huta cikin dangi. Akwai hikima a ciki, amma ba a watannin farko ba, kuma ba da ka ba. Sai an san wane likitan ƙoda ne zai karɓe shi a Kano ko Zariya ko Maiduguri, ina ake awon takrolimus, awa nawa ne daga garinsu zuwa can. A tafi da takardar bayanin tiyata da maganin da zai kai shi wata guda ko fiye, a jakar hannu, ba a cikin kayan da za a ɗaure a saman mota ba.

Sai wanda aka fi mantawa da shi, wato wanda ya ba da ƙodar. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki, don haka galibi ƙani ne, ko 'ya, ko mata. Shi ma an yanka shi, shi ma yana bukatar mako huɗu zuwa shida kafin ya koma aiki mai nauyi, kuma a wannan lokacin ba ya samun kuɗin shiga. Sau da yawa in mace ce, kwana kaɗan za ka gan ta a bakin murhu tana dafa wa masu dubiya abinci, ko tana jinyar wanda ta ba ƙodar. Mai ƙoda ɗaya yana rayuwa lafiya, amma ana so a riƙa auna masa jini da fitsari da aikin ƙoda duk shekara, ya kuma guji magungunan ciwon jikin nan na kemis. Sunansa ya shiga takardar karo-karo tun farko, da kuɗin cefanen gidansa na wata biyu da na gwajinsa na shekara-shekara.